Yadda Ake Ɗora Tatsuniya a Dandali da Yaran Unguwa a Jos

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya taɓa yin wasan kwaikwayo, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Yarinyar da ta aurar da 'yar tsanarta, har da guɗa da kai lefe, wasa ta shirya. Yaron da ya liƙa gemun auduga bayan goma ga azumi ya bi gida-gida yana tashen tsoho da gemu, ɗan wasa ne cikakke. Shi ya sa idan wani ya ce mini yana so ya haɗa yaran layinsu su yi wasa da tatsuniya amma yana tsoron ba za su iya ba, nakan ce masa sun iya tun tuni. Abin da suka rasa shi ne babban da zai tsara musu lokaci, ya nemo musu wuri, ya tsaya a kansu har ranar nuni.

Ni malamar firamare ce a Jos, na kuma daɗe ina wannan aiki, wani lokaci a farfajiyar makaranta, wani lokaci a filin da ke bayan layinmu. Garin nan ba baƙon wasa ba ne. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan take, tare da makarantarta ta koyon aikin fim. Jami'ar Jos ma tana da sashen wasan kwaikwayo. Sai dai ɗan shekara tara a Gangare ko Anguwar Rogo ko Tudun Wada ba ya taka waɗannan wurare. In ba a kawo masa dandali ƙofar gida ba, yana iya girma bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya buɗe baki ba.

Abu ɗaya nake so ku riƙe kafin mu shiga aikin: kada ku fara da takarda. Tatsuniya a baki aka haife ta, a baki ta rayu. Ranar da kuka buga wa yara shafi goma kuka ce su haddace, kun mayar da ita jarrabawa, kuma yaron da karatu ke ba wuya, wanda sau da yawa shi ne gwanin kwaikwayo, zai zame ya daina zuwa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Ku fara da manya

Kafin ku kira yaro ko ɗaya, ku je wurin mai unguwa. Ba da takarda ake zuwa ba, da ƙafa ake zuwa. "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka. Muna so mu riƙa tara yara sau biyu a mako suna koyon tatsuniya, bayan mako shida su nuna wa iyayensu." Ku faɗa masa wurin, da lokacin, da sunan manyan da za su tsaya. Daga nan sai hedimasta in makaranta za ku ara, sai limami, sai fasto in unguwar ta haɗa. Wasu iyayen da sun ji kalmar "wasan kwaikwayo" sai hankalinsu ya tafi kan rawa da cakuɗar samari da 'yan mata. Kada ku yi musu gardama. Ku ba su labarin da za a yi daga farko har ƙarshe, ku ce ƙofa a buɗe take, duk uwar da ta ga dama ta zo ta zauna a gwaji. Na sha ganin uwar da ta zo sa ido ta koma ita ce mai koya wa yara waƙar.

Lokaci shi ne abin da ya fi jawo saɓani. Ku tambayi kowane gida ranakun Islamiyya da na coci, ku zaɓi abin da bai ci karo da su ba. A wurinmu Alhamis da yamma da Asabar bayan la'asar suka fi dacewa, awa ɗaya da rabi kowane zama, a tashi kafin magariba ko da ba a gama ba.

Ku ajiye littafi guda mai sunan kowane yaro, da shekarunsa, da lambar wayar wanda ke kula da shi, da wanda zai zo ɗaukarsa. Kada babba ɗaya ya keɓe da yara. A kullum manya biyu, ɗaya daga ciki mace. Ku kuma nemi yardar iyaye tun yanzu game da hoto da bidiyo, domin ranar nuni wayoyi za su tashi sama, kuma akwai gidan da ba ya so fuskar 'yarsa ta hau Facebook.

Yara ashirin zuwa ashirin da biyar, daga shekara shida zuwa goma sha biyu, sun isa. In suka fi haka, rabin lokacinku zai tafi wajen cewa a yi shiru.

Wane labari?

Labarin da ya dace da dandalin yara yana da alamu uku. Akwai tafiya a cikinsa, wato ana barin wuri zuwa wuri. Akwai abin da ake maimaitawa, waƙa ko tambaya, wanda 'yan kallo za su kama su riƙa amsawa. Akwai kuma gurbin taro: fadawa, dabbobi, 'yan kasuwa, koguna, domin kowane yaro ya sami abin yi.

Tatsuniyar da na fi so a fara da ita ita ce ta Ruwan Bagaja, ta 'yar mowa da 'yar bora. Yadda kakata ta ba ni, 'yar mowa ce ta ɓata shimfiɗa, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka kore ta ta je ta wanke a Ruwan Bagaja. Tana tafe tana tarar da koguna iri-iri, kowanne ta tambaye shi da waƙa ko shi ne, ya ce mata a'a, ta yi gaba. Ta sauka gidan cinya da kare, ta yi musu ladabi, aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta fasa, arziki ya fito. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya da kwaɗayi, ta ɗauki babba, ta kwashi kashinta a hannu. Ku duba yadda labarin ya zo da tsarinsa: tafiya biyu a hanya ɗaya, waƙa ɗaya ana maimaita ta, koguna uku ko huɗu da kowanne zai ci yara huɗu riƙe da zani. Kusan babu abin da za ku ƙara.

Labaran Gizo da Ƙoƙi suna da daɗi ga 'yan shekara goma zuwa sama, saboda suna buƙatar yaro ɗaya mai kaifin baki da zai ɗauki nauyin wasan, ya iya tsamin bakin Gizo, yana ce wa sarki "sayki". In ba ku da irin wannan yaro a bana, ku jira baɗi.

Sai labaran Turai da yaranmu suka sani ta katun da littattafan makaranta. Ba na ƙin su, amma ina so ku san wani abu game da su. Labarin Sindirela mai takalmin gilashi da keken kabewa, Charles Perrault ne ya buga shi a Faransa a 1697. Da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, nasu ya sha bamban: babu kabewa, itace ne a kan kabarin uwar yarinyar da tsuntsaye suke ba ta kaya, 'yan'uwanta kuwa har yanke yatsa da diddige suka yi don takalmin ya shiga. Ashe su ma daga bakin jama'a suka ɗauko, kowa ya gyara daidai mutanensa. To ku ma ku gyara daidai naku. Marainiya ce a hannun kishiyar uwa, labarin da kowace kaka a Jos ta sani. Rawar fada ta zama bikin ɗan sarki, takalmin gilashi ya zama takalmi mai ado ko warwaro, agogon sha biyun dare ya zama carar zakara.

Akwai guda biyu da suka karɓe mu sosai. Ɗaya na Hans Christian Andersen ne, mutumin Denmak, wanda ya fito a 1837: sarkin da masaƙan ƙarya suka ce sun saƙa masa rigar da wawa ba ya gani, kowa ya yi ta yabo har wani yaro ya faɗi gaskiya. Ga fadawa, ga maroƙi, ga taron gari, ga yaro shi ne gwarzo. Sarkin ya fito da singileti da dogon wando, kuma ku ce a wani gari mai nisa aka yi, kada naɗinsa ya yi kama da na wani basarake da aka sani. Ɗayan na cikin tarin Grimm ne: jaki da kare da kyanwa da zakara da suka tsufa aka so a rabu da su, suka kama hanyar birnin Bremen don su zama makaɗa, suka kori ɓarayi daga wani gida da kukansu. Namu dabbobin kuwa, garin Bukuru da ke kusa da Jos suka nufa. 'Yan shekara shida ba sa gajiya da shi.

Waɗannan labarai sun daɗe da zama na kowa, ba sai kun nemi izini ba. Waƙoƙin katun kuwa na kamfanoni ne, ku bar musu abinsu. Waƙar da yaranku suka ƙirƙira da tafi da gwangwani ta fi zama a bakinsu.

Abin da za ku cire

A nan nake so ku tsaya ku yi tunani sosai, domin tatsuniyar da ake bayarwa a ɗaki cikin duhu daban take da wadda za a nuna da rana gaban unguwa, da fuskar ɗan wani a kai.

A Ruwan Bagaja yadda kakata ta ba ni, fitsarin kwance ne ya ɓata shimfiɗar. In kuka bar shi haka, yarinyar da ta fito a 'yar mowa za ta sha tsokana har ta gama firamare. Mu manja muke sa ta zubar a kan tabarmar baba. A ƙarshen labarin kuma, abin da ke fitowa daga babban ƙwai kutare ne da makafi, a matsayin horo. Ba zan taɓa ɗora wannan a dandali ba. A cikin 'yan kallo akwai makaho, akwai uwar yaro mai lalura, kuma ba na so ɗan shekara bakwai ya koma gida da cewa naƙasa sakamakon mugun hali ce. Daga ƙwanmu zuma da rina da kwaɗi ke fitowa, ƙananan yara ne sanye da fukafukan kwali, su bi 'yar mowa da gudu. Dariyar ma ta fi yawa.

Haka nan ku kula da wanda kuka ba wane matsayi. Wata shekara na ba wasu 'yan mata biyu 'yar mowa da 'yar bora saboda muryoyinsu sun dace, ban bincika ba ashe 'yan uba ne, kuma gidan dama ba lafiya. A mako na uku ɗaya uwar ta same ni a bakin famfo, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malama, duk yaran unguwar nan ba ki ga wadda za ki kira 'yar bora ba sai tawa?" Na ba ta haƙuri, na je har ɗakinta na sake ba ta, na sauya rabon gaba ɗaya. Tun daga ranar ba na raba matsayi sai na zauna da wata dattijuwar unguwa ta faɗa mini wane ɗan wane ne. Marayan gaske kada ya fito a maraya sai in shi ya nema. Yaron da ake tsokana da ƙiba ko baƙi ko in'ina kada ya zama Dodo. Mugun matsayi ku ba yaron da kowa ke so, wanda ba abin da zai manne masa.

Gina wasan daga baki

Zama na farko, ku shimfiɗa tabarma, ku zauna ƙasa tare da su, ku ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa "Ta zo mu ji ta." Ku ba da labarin da baki, da waƙarsa, ba littafi a hannu. In akwai tsohuwa a unguwa da ta fi ku iyawa, ita za ku gayyato. Da an kai ƙurunƙus, sai ku juya: yaro na farko ya fara labarin, ku tafa, na kusa da shi ya ɗora daga inda ya tsaya, har a zagayo. Ku kasa kunne. Abin da suka tuna shi ne wasanku. Abin da duka suka manta, ku bar shi ya tafi.

Zama na biyu, ku yanka labarin gida shida ko bakwai, kowane gida da suna gajere da yaran suka raɗa: Manja Ya Zube, Kogin Nono, Gidan Cinya, Fasa Ƙwai. Ku raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nuna gidansa da jiki kawai, a daskare kamar hoto, ba magana. Sauran su faɗi abin da suka gani. Wannan yana koya musu abin da baki ba zai koyar ba, wato cewa inda ka tsaya da yadda ka riƙe kafaɗa suna ba da labari. Sai ku taɓa kafaɗar ɗaya ku ce, "Me kike cewa a zuciyarki?" Abin da ya fito daga bakinta, sau da yawa, shi ne layin da zai zauna har ranar nuni. Wata yarinya da ta daskare a matsayin bora, hannu a ƙugu, kai a sunkuye, na taɓa ta sai ta ce, "Je ki, 'yata, Allah na gani." Babu marubucin da zai ba ni abin da ya fi wannan.

Mako na biyu da na uku, a yi ta gwadawa da magana, kowa ya ɗanɗana matsayi biyu ko uku kafin a tsayar. Ku kuna gefe da biro kuna kama kalaman da suka yi daɗi. Sai a ƙarshen mako na uku za ku rubuta wani abu, shi ma ba duka ba: jumlar da ke buɗe kowane gida, da jumlar da ke rufe shi, da waƙoƙi. Tsakiya ku bar musu. Yaron da ya san inda zai fara da inda zai sauka ba ya ɓata.

Ginshiƙin wasan shi ne mai ba da labari. Ku zaunar da yarinya mafi natsuwa a gefen dandali a matsayin kaka, da ƙanana uku a gabanta. Ita ke buɗewa, ita ke haɗa gida da gida, ita ce kuma mai ceto. In wani ya manta, ba sai an raɗa masa daga bayan labule ba, kaka ta ɗaga murya ta ce, "Sai kogin ya ce mata me?" Jama'a za su ɗauka haka aka tsara.

Game da harshe, yaran Jos Hausa ce ke haɗa su, ko Birom ne ko Afizere ko Anaguta ko Angas ko Ibo ko Bayarabe. Wasu ba sa bambanta "ya" da "ta". Ku gyara inda zai rikita labari kawai, cikin taushi, kada ku bari a yi wa kowa dariya. Na kuma ga amfanin tambayar kowane kogi ya amsa wa 'yar bora da 'yar waƙa daga harshen gidan ɗaya daga cikin yaran. Ranar nuni za ku ga kakar da ta zauna shiru tun farko ta miƙe tana amshi.

Murya da tsayuwa

Mako na huɗu da na biyar na gyaran jiki ne. Kowane zama ku buɗe da minti goma na motsa baki: "turmi ture kura, kura ture turmi", a fara a hankali, a ƙara sauri. Sannan gwajin nisa. Ku tsaya taku goma sha biyar daga yaron, ku juya masa baya, ya faɗi layinsa. In ba ku ji ba, ku ɗaga hannu, ya sake. Kada ku ce "ɗaga murya", domin ihu zai yi, maƙogwaro ya dushe. Ku ce, "Yi magana da wancan bangon," ku kuma sa ya ja numfashi har cikinsa ya taso kafin ya fara.

Ƙa'idoji uku suka ishe su: kada ka ba jama'a baya kana magana, kada ka tsaya gaban ɗan'uwanka, in an yi dariya ka jira ta lafa. Ku zana layin dandali da toka ko alli, da alamar inda ake shiga da inda ake fita, kada ku sauya su.

Ba duka, ba zagi. Yaron da aka daka wa tsawa a gwaji muryarsa ba ta sake fitowa. Wanda kunya ta hana shi magana, ku ba shi ganga ko gwangwanin tsakuwa ya zama mai sautin ruwa. Mai ƙiriniya ku naɗa shi sarkin kaya, ku ga yadda zai tsare su.

Mako na shida a yi wasan daga farko har ƙarshe sau biyu ba tsayawa, na biyun da cikakken kaya, a ainihin wurin, a ainihin lokacin. Ku duba agogo. In ya wuce minti arba'in, ku rage.

Kaya

Kada kuɗi su hana ku. Alama ɗaya ta ishi kowane matsayi: rawani ga sarki, kunnuwan kwali ga jaki, tsohon zani ga 'yar bora, sarƙa ga 'yar mowa. Koguna zannuwa ne da aka aro daga iyaye, shuɗi na ruwa, fari na nono, rawaya na zuma, yara huɗu riƙe da gefuna suna kaɗawa. Ƙwai kuwa ƙwarya biyu ce aka kifa aka shafa farar ƙasa. Ku roƙi telan unguwa ragowar ƙyallaye, ku karɓi kwalaye a shagon kayan masarufi, ku dama sitaci ya zama gam. Abin da ya rage, zagaye ɗaya a 'yan gwanjon kasuwar Katako zai biya. Ku sa yaran su yi liƙi da kansu a zama guda, yanka da almakashi kuwa a hannun manya.

Ba wuƙar gaske, ba wuta, ba kyandir, ba leda a kai. Abin rufe fuska ya tsaya a goshi ko a huda masa ido manya, domin yaro ya ga gabansa kuma a ji muryarsa. Kwalliyar fuska da hoda da alli da gazal, ba da fentin gini ba. Kowane zanin aro ku liƙa masa sunan mai shi.

Wuri da lokaci

Yanayin Jos sai an yi shawara da shi. Damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, daidai lokacin dogon hutu, kuma ruwan yakan sauko da rana tsaka ko da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. In a lokacin za ku yi, ku nemi zaure ko babban aji, ku kuma sani ruwa a kan rufin kwano yana haɗiye muryar yaro ɗungurungum. In ya sauko, a tsaya a yi waƙa har ya tsagaita. Ranar Yara ta 27 ga Mayu ma cikin ruwa take faɗowa. Ni na fi son ƙarshen zangon farko a Disamba, ko Maris kafin ruwa. Disamba ba ruwa, amma garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin yamma ba wasa ba ne. A ɗinka kaya da yalwa yadda suwaita za ta shiga ciki, a danne duk wani kwali da dutse saboda iskar hunturu. Ku duba kalanda kada makonnin gwaji su faɗa cikin azumi ko jarrabawa.

Dukanmu mun san yadda rikice-rikicen da suka faro a 2001 suka raba unguwannin garin nan. In yaranku sun fito daga ɓangarori biyu, ku zaɓi wurin da kowace uwa za ta taka hankali kwance, kamar makarantar gwamnati da ke tsakani, a kuma tashi da sauran rana.

A fili, ku sa bango a bayan 'yan wasa don ya maido da murya. Kada 'yan kallo su fuskanci yamma, rana za ta kashe musu ido. A zauna kamar rabin wata: yara a tabarma a gaba, bencina a baya, kujerun dattawa a gefe inda ba za a tare musu ba. Makirfo ɗaya ya isa, na kaka, shi ma mai batir, don kada ɗauke wuta ko ƙarar janareta ta ɓata muku aiki.

Ranar nuni

'Yan wasa su iso awa biyu kafin lokaci, sun ci abinci. A ba su ruwa, a kai kowa bayan gida, a sa kaya, a jera su bisa tsarin shigarsu a cikin aji ɗaya tare da babba guda da ba zai motsa daga nan ba. Wani babban yana bakin dandali, wani yana kula da ƙananan 'yan kallo, waɗanda za su yi ta matsowa har su hau layin toka. Za a sami mai kuka ko mai ciwon ciki saboda tsoro. Ku durƙusa daidai tsayinsa, ku riƙe hannunsa, ku tambaye shi jumlarsa ta farko kawai. In ya faɗa, zai iya. In ya ƙi sam, kada ku tilasta. Shi ya sa tun mako na huɗu kowane babban matsayi yake da mutum biyu da suka san shi.

Ku fara ƙarfe huɗu da rabi, ko manyan baƙi sun iso ko ba su iso ba, kuma ku faɗa musu haka tun wajen gayyata. Jawabi ɗaya, na mai unguwa, minti uku. Kafin kaka ta buɗe baki, wani ya koya wa jama'a amshin waƙar sau biyu.

Ba ma karɓar kuɗin shiga. Ba ma kuma yarda da liƙi: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira a wajen biki, ban da haka kuma liƙi kan tafi goshin yaro ɗaya ne, alhali mai riƙe da gefen kogi ma mako shida ya yi yana zuwa. Ƙwarya muke ajiyewa a bakin ƙofa. Bayan an tashi a ƙirga gaban iyaye biyu, a biya abin da aka kashe, ragowar a sayi littattafan rubutu a raba daidai.

In kaka ta ce ƙurunƙus, duka yaran su fito layi ɗaya, har da mai ganga da sarkin kaya, a kira sunan kowa da bakinsa. Sannan ku koma kan littafin nan na farko: kada yaro ya bar wurin sai kun ga wanda ya zo ɗaukarsa kun yi alama a gaban sunansa. Washegari a wanke zannuwan aro, a goge, yaran da kansu su mayar gida-gida da godiya. Kunnuwan jaki da ƙwaryar ƙwai da fukafukan rina a zuba su cikin buhu guda, a rataye inda ɓera da laima ba za su kai ba. A zaman Asabar mai zuwa a sake shimfiɗa tabarma, kowane yaro ya zo da tatsuniya ɗaya da ya roƙo daga wani tsoho a gidansu.